Kunnen Aslaug da Iskar Gabas

Aslaug ba ta taɓa mallakar agwagwa ko ɗaya ba, amma shekara arba'in da biyu ke nan tana yi wa agwagi bauta. Agwagin teku ne, ba mai ɗaure su, ba mai ba su ko ƙwayar hatsi. Duk watan Mayu sukan hau ɗan tsibirin da ta gada wurin mahaifiyarta a gaɓar arewacin Norway, su shige ƙananan bukkokin duwatsu da ta gina musu, su yi ƙwai, su ƙyanƙyashe, su tafi su bar mata lallausan gashin ƙirjinsu ta cusa a barguna. Sharaɗinsu guda ne: shimfiɗar sheƙa ta zama ciyawar teku busasshiya ƙayau. In da danshi, uwar agwagwa za ta leƙa ta juya, ta nufi tsibirin maƙwabta, kuma inda ta yi ƙwai bana nan za ta koma baɗi.

Shanyar ciyawa kwana biyu take so ba ruwa, watan Afrilu kuwa a wurinsu ba shi da alƙawari. Ka tashi da rana tarwai, kafin ka gama ɗaura takalmi ƙanƙara ta sauko, kafin shayi ya huce hazo ya rufe ƙofar gida. A nan Aslaug ta yi suna. Takan tsaya bakin ƙofa da safe ta zame kallabi daga kunne. In ta ji teku na gurnani a kan duwatsun yamma, ruwa na tafe. In kuwa jiniyar jirgin fito ta iso ta daga can gaɓar babbar ƙasa, to iska ta koma gabas, kuma iskar gabas busasshiya ce, takan yi kwana biyu cur. Har masunta sukan rage gudu su tambaye ta ko su fita.

Mijinta Torleif, tsohon masunci, shi da hasashen akwatin rediyo ya yarda. Yana kiranta Babban Ofishin Hasashe, ita kuma tana kiransa ɗan aiken akwati. A haka suka tsufa, kullum da tsiya, ba wanda ya taɓa sallamawa.

Bara ne abin ya ƙwace mata. Ta ce a shanya, aka shanya, ruwa ya sauko ya yi wa ciyawar jagab. Sheƙa casa'in suka koma hamsin da ɗaya. Mutane suka ce tsautsayi ne, ita ta san ba shi ba ne. Shekara biyu ke nan ba ta jin jiniyar jirgin nan, ba ta jin gurnanin teku, sai wani zuuu da ke cikin kanta. Girman kai ya hana ta faɗa, ta dubi gajimare ta yi kame-kame, ta kwashi kunya. Ta kuma san in bana ta sake kuskure, tsibirin mahaifiyarta zai koma dutse tsirara.

Bana kwana goma sha tara ana ruwa. Ciyawar da suka yanka tana jibge a rumfar kwale-kwale, rabi-rabin bushewa, har ta fara tsami. Agwagi kuwa sun iso, suna yawo bibbiyu a kan ruwa suna ƙare wa tsibirin kallo. Rediyo ta ce ruwa har Lahadi. In aka shanya ruwa ya taɓa, shi ke nan. In aka jira Lahadi, an makara.

Ran Laraba da safe ta tsaya bakin ƙofa kamar kullum, ta zame kallabi, ba ta ji komai ba. Torleif ya fito da kofin gahawa yana ƙunƙuni, da ƙarfi fiye da yadda ya saba.

"Jirgin fiton nan yau ya ishi mutane da jiniya. Sau uku ke nan, kamar a cikin ɗakin nan yake."

Aslaug ta juyo ta kama hannun rigarsa har gahawar ta zube. "Tsoho, me ka ce ka ji?"

Ya maimaita, ya ƙara da cewa amma fa akwatinsa ya ce ruwa. Ta ce mai magana a akwatin gaskiyarsa ce, don gaɓar duka yake wa magana, ba dutsensu ba, ya ajiye kofin nan ya ɗauko baro.

Wanda ya ga Aslaug ranar ba zai ce ta ba sittin da bakwai baya ba. Gudu take da baro, takalminta ɗaya ya maƙale a laka ta bar shi can. Suka baje ciyawar a kan duk wani falalen dutse da ke tsibirin, tana juyawa tana duban sama. Kafin tsakar rana gajimare ya yage, iska mai yankan fuska ta busa daga gabas, ciyawar ta fara ƙaras-ƙaras a hannu. Daɗi ya kama ta har ta rasa inda za ta sa kanta, ta tsaya kan dutse da ƙafa ɗaya ba takalmi tana rawa. Torleif ya ce ta sauko kafin agwagi su ɗauka mahaukaciya ce ta gaji tsibirin.

Washegari da la'asar, rana na nan, sama garau, ta so a ƙara awa guda. Sai ta ga Torleif ya ajiye manjagara ya ɗaga hularsa daga kunne, daidai yadda take yi da kallabinta. Ya ce duwatsun yamma sun fara gurnani. Ba ta yi musu ba, abin da ba ta taɓa yi masa ba tun aurensu. Suka kwashe a guje, baron ƙarshe yana shiga rumfa ƙanƙara na fara sauka fara sol a kan duwatsun da suka bari. Kwana uku suka yi suna rarrafe daga bukka zuwa bukka suna murɗa sheƙa, har casa'in suka cika.

Safiya ta huɗu sanyi ya shiga gidan har numfashi ana gani. Torleif ya durƙusa gaban murhu da ashana, sai ta dafa kafaɗarsa ta nuna taga. Uwar agwagwa ce ke hawowa daga ruwa tana taku ɗai-ɗai, namijin fari da baƙi na biye da ita. A tsibirin nan ba a hura wuta lokacin da agwagi ke zaɓen ɗaki, don hayaƙi korar su yake. Ya mayar da ashanar cikin aljihu. Agwagwar ta leƙa bukka ta farko, ta daɗe, ta shige, ba ta fito ba.

Suna zaune cikin bargo ɗaya suna kurɓar gahawar jiya mai sanyi, haƙora na kaɗawa, baki har kunne, Aslaug ta tambaye shi tun yaushe ya san kunnen nata ya tafi.

"Tun ranar da na ce miki miyarki ba gishiri, ba ki rama ba."

Ta kai masa duka a gwiwa, idonta ya kawo ruwa. Sannan ta miƙa hannu ta ɗaga masa hular daga kunne.

"To ɗan aike, yanzu me kake ji?"

Ya saurara ya daɗe. Ya ce mazajen agwagi ne ke kira a bakin ruwa, daga gabas, daga kudu, har bayan rumfa, sun fi ƙarfin ƙirga. Ta ce ya kwaikwaya mata. Tsohon ya matso da bakinsa daf da kunnenta, ya yi mata kukan agwagwa a hankali, don kada ta cikin bukka ta firgita.