Sawun Kaka Ɗanlami a Bompai

Jama'a, yau kamar na gaisa da marigayi Kaka Ɗanlami! Wallahi har yanzu ji nake kamar mafarki.

Kun san tarihin gidanmu da nake haɗawa saboda yaranmu, ga shi ko hotonsa ɗaya ba mu da shi. To da safe na hau keke napep zuwa Bompai, wajen tsohuwar masaƙar da ya yi aiki. Tuni aka rufe ta, ciyawa har ƙugu.

Wani tsoho mai gadi ya ƙura min ido. Ya ce, "Ɗanlami?!"

Na ce, "Baba, jikansa ne."

Ya yi salati, ya ce, "Biyo ni."

Muka shiga ɗakin injina. Shiru kake ji sai kukan kurciya, rana tana tsiyayowa ta hujin kwano. Ya durƙusa ya share ƙasa da hannu. Sawun ƙafa a cikin siminti!

Ya ce, "Ranar da aka zuba simintin nan kakanka ya makara, ya faɗo a guje ba takalmi. Manaja yana faɗa, mu muna dariya."

Na cire takalmi na sa ƙafata. Cif!

Nan take na kira matar Kaka, Iya, ta bidiyo. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ga ɗan yatsan nan da ya karkace. Shi ne!"

Ta goge hawaye tana dariya: "Allah Ya jiƙan Malam. Ɗaurin aurenmu ma sai da aka jira shi!"