Ƙofar da na toshe a Umbadda

Shekarun baya, muna zaune a unguwar Umbadda ta Omdurman, aka kama yayana da rana tsaka yana cin abinci. Mutum uku ne, babu mai kaki a cikinsu. Ba ta ƙofar titi suka shigo ba, ta naffaj suka ɓullo, 'yar ƙofar nan ta jikin katanga tsakaninmu da maƙwabciyarmu, wadda mata ke bi su ɗebo garwashi.

Mahaifiyata ta ce, "Ya jama'a, ina takardarku ta kamu?"

Ɗayansu ya ce, "Hajja, takarda tana ofis." Suka tasa shi gaba, ko hannu bai wanke ba.

Ni dai abu ɗaya ya tsaya min a rai: baƙo bai san da naffaj ba, sai an nuna masa. Washegari na kwaɓa siminti na toshe ta da bulo, ina jin kaina wani babban ɗan sanda.

Zargin shi ne an saci wayoyi a wani shago a Alsahafa, can Khartoum. Amma kotun Omdurman suka kai shi, suka rubuta wai a Kasuwar Libiya, nan Omdurman, suka damƙe shi da kayan a hannu. Lauyanmu ya ce wannan ƙaryar ce ta rufe rashin takarda, ita ce kuma ta ba kotun hurumi. Sai mun kawo wanda ya ga kamun a gida, ba ɗan gida ba, in ba haka ba ɗauri ne.

Mutum ɗaya ce ta gani: maƙwabciyar tamu, tsohuwar da na zarga. Kunya ta hana ni zuwa.

Ranar zaman sai ga ta, ba wanda ya kira ta. Ta ce wa alƙali, "Wallahi ta gidana suka bi, suka ture ni, har tukunyata suka kifar." Alƙali ya ce ba shi da hurumi, kamun ma ba bisa ƙa'ida aka yi ba. Bayan kwana biyu yayana ya dawo gida.

Mahaifiyata ta miƙo min guduma ta ce, "Khalas, shi ke nan, kai ka gina, kai za ka rushe."

Na rushe, na ba tsohuwar haƙuri, kuma har gobe ina jin nauyinta. Sai dai gaskiya, duk lokacin da na sunkuya zan bi ta ƙofar nan, tambayar tana nan: in ba ita ba ce, to wa ya gaya musu?