Ƙwayar Zariya da Ƙahon Wanzami

A Tafoki, in an gama cin tuwo, kakarmu Iya takan tura karan dawa cikin murhu, mu jikoki mu kewaye ta. Lokacin kuɗin man fetur ne, kowa na rububin sayen rediyo, mu kuwa Iya ce rediyonmu. Tatsuniya ɗaya ce ba ta ko murmushi in tana yin ta.

"Ga ta nan, ku buɗe kunne," in ji ta. Wani manomi ne laka ta toshe masa rafin gona. Baƙo ya zo wucewa, ya ba shi wani gari ya ce ya riƙa barbaɗawa a rafin, ya hau jakinsa ya yi gaba. Ruwa kuwa ya tsinke ya kama gudu. Matar manomin, don ta taimaka, ta sari bakin rafin da fartanya ragowar laka ta fita. Kafin la'asar ruwan ya tsiyaye ƙaf.

"To, laihin wa?"

"Na matar!" muka ce baki ɗaya.

Ta maka muciya a ƙasa har toka ta tashi. "Kun ci gidanku! Shi baƙon mi ya hana shi hwaɗin kar a sara? Ɗinke mai baki anka yi?"

Sai da na girma na gane. Mijinta, Malam Bawa, ciwon zuciya gare shi. Aka kai shi asibiti a Zariya, likita ya ce jininsa ya yi kauri, ya rubuta ƙwayar tsinka jini, ya kira na gaba. Bai ce uffan kan yanka ko tsaga ba. Mu kuwa a ƙauye kowa ya san maganin jini mai kauri, ƙaho ne. Iya ta kira wanzami daga Yankara, ya yi tsaga a baya, jini ya ƙi tsayawa. An danna auduga, an yi tofi, a banza. A hanyar kai shi asibitin Funtuwa ya cika. Danginsa suka ce ita ta kashe shi, kuma da wannan magana a ƙirji ta rasu.

Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Kalma nawa ce da likita zai kasa furtawa? Abin da ya fi ƙona ni, mu ma mun taya dangin, muna ihun "na matar" a gaban idonta.

Bana ni ma aka rubuta mini irin ƙwayar. Likitan ko ɗago kai bai yi ba.

"Baba, ɗaya kullum. Na gaba!"

Na gyara zama, na jingine sandata.

"Ɗana, ba inda za ni. Sai ka faɗa mini inda ba a sara."