Kiɗan Bayan Katanga da Kunnen Ɗiyata

Gidan da aka kai ni aure a Tawa, katanga ɗaya ce ta raba shi da gidan 'yan mishan. Ni 'yar ƙauye ce daga wajen Kalfu, karatuna bai wuce na iya rubuta wasiƙa ba, kuma kafin nan ban taɓa ganin majami'a da idona ba. Maigidana ya tafi bida, wato neman kuɗi, Abijan tun ina da ciki, yadda yawancin mazan Adar suke yi, ya bar ni daga ni sai mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna. Gida ne mai faɗi, da itacen bedi guda a tsakiya da awaki a kusurwa. Har yanzu in na rufe ido ina ganin inda inuwar bedin take kaiwa in la'asar ta yi.

Daidai lokacin ne wani kiɗa yake farawa daga bayan katangar. Ba ganga ba ce, ba goge ba, ba kuma irin na rediyo ba. Wani sauti ne mai dogon numfashi, ya taso siriri kamar sarewar makiyayi, can sai ya yi kauri har ka ji shi cikin ƙirjinka. Da ladan ya ɗaga murya sai ya tsaya cak, ko da a tsakiyar waƙa ne. Wannan ya sa Inna ba ta taɓa zaginsa ba. Takan ce ko wane ne, an ba shi tarbiyya.

Labarin mai kiɗan a bakin Madan muka ji shi, wata 'yar Togo mai dafa wa 'yan mishan abinci, wadda ta daɗe a Tawa har Hausarta ta fi tawa gishiri. Takan shigo sayen fura ta zauna ta manta da tukunyarta. Ta ce Bature ne daga wata ƙasa mai sanyi da ake kira Polan, ba limaminsu ba ne, makaɗi ne kawai, ya zo koya wa matasansu waƙa. Abin da yake kaɗawa sunansa org. Wai tun yana ƙarami yake yi, ƙafafunsa ba su kai ƙasa sai da ubansa ya ɗaura masa katakai a takalma. A ƙasarsu org ɗin ya kai girman ɗaki, da bututu kamar rumbuna a jere, kuma lokacin sanyi sai ya hura wa yatsunsa iska kafin su yarda su motsa. Ya kaɗa wa masu aure, ya kaɗa wa matattu, ya koyar a lakkol, wato makaranta, kuma waƙoƙin da ya tsara da kansa ana rera su a garuruwan da bai taɓa zuwa ba. Inna ta tambaya ko sarki yake yi wa. Da aka ce a'a, sai ta ce to ashe wahala kawai yake sha.

Sau ɗaya ya shigo gidanmu. Ya jiyo lugudenmu ta katanga, ni da 'yan matan maƙwabta muna jefa taɓarya sama muna tafi kafin ta dawo, ya roƙi Madan ta kawo shi. Dogo ne mai furfura, wuyansa ya yi ja kamar tattasai. Ya tsuguna bakin turmi da takarda mai layuka yana ɗiga mata baƙaƙen ɗigo kamar kashin awaki. Inna ta miƙa masa taɓarya ta ce mai son kiɗan daka sai ya daka. Ya jefa, ya yi tafi, taɓaryar ta sauka gefe ta kori kaji. Inna ta yi dariya har da hawaye, ta ce a gaya masa ko kyauta ba ta ɗaukar shi suruki. Bayan 'yan kwanaki muka ji lugudenmu yana fitowa daga cikin org, har da wurin da 'yar maƙwabta takan yi saurin tafi.

A wannan shekarar ɗiyata ta fara zama. Ita ce ta fari, kuma kowa ya san yadda ake da ɗan fari a wurinmu. Ba na faɗin sunanta, ba na yi mata wasa gaban mutane, in ta yi kuka gaban Inna sai in kau da kai har a ce mini in ɗauke ta. Ɗiyar Inna ce, ni mai ba da nono ce kawai. Ban ga laifin haka ba, haka uwata ta yi da yayana. Sai dai akwai abin da nake gani wanda ba ni da bakin faɗa.

Kwanon sha ya suɓuce mini ya faɗi kan dutse kusa da kanta tana barci, ko gezau. Akuya ta yi kuka a bayanta, ba ta waiwaya ba. In Inna ta yi mata tawai tana kallon fuskarta sai ta ɓangale baki, amma in daga baya aka kira ta, sai ta ci gaba da wasa da yatsun ƙafarta. Inna tana yabonta wai ɗiya mai sanyin hali, ba ta firgita, irin gidansu ce. A garinmu akwai wata kurma da yara suke bi da jifa, ita nake gani duk sa'ad da na kalli ɗiyata. In maigidana ya kira a waya ya tambayi mutanen gida, sai in ce lafiya lau, don ko a waya ba a tambayar uwa ɗan fari kai tsaye.

Wata la'asar ina tsince gero a jikin katangar, ɗiyar tana goye a bayana tana ta mutsu-mutsu. Org yana ta siririn kukansa, ba ta fasa ba. Da ya sauka can ƙasa, wurin kaurin nan mai kamar gurnanin bijimi, sai na ji ta yi tsit, ta ɗago kai daga bayana. Ya koma sama, ta koma mutsu-mutsunta. Na bar geron na tsaya ina jira. Ya sake sauka, ta sake ɗagowa. Kwana da kwanaki ina zama a wurin, har Inna ta tambaya ko inuwar bedi ta yi mini laifi. Abin da ya hana ni murna shi ne ban sani ba ko ji take yi, ko kuwa rawar katangar ce take ratsa bayana ta kai gare ta.

Madan na fara gaya wa, a zaure, da murya ƙasa-ƙasa. Ba ta yi mini dariya ba. Ta ce gobe in kawo mata furar da kaina.

Ban taɓa zaton ƙafata za ta taka majami'ar ba. Na yi bisimilla a bakin ƙofa na shiga. Ɗaki ne mai sanyi da bencina, ba kowa sai Baturen. Org ɗin ma ashe bai fi akwatin kayan aure ba, da haƙora farare da baƙaƙe, yana taka wasu fale-falen katako biyu da ƙafa kamar mai zuga wutar maƙera. Madan ta yi masa bayani da Faransanci. Ya dubi ɗiyar, ya dube ni, ya tambaya me nake so ya yi. Na ce kada mu matsa kusa, kada jikinta ya taɓa komai. Na tsaya tsakiyar ɗakin na rungume ta, bayanta na wajensa, na ce ya fara da siraran.

Ya fara. Sautin ya cika ɗakin har yana sukar kunnena, ita kuwa tana jan bakin mayafina tana kaiwa baki. Ya sauko kaɗan, haƙori bayan haƙori, yana riƙe kowanne ya daɗe. Ba ta waiwaya ba. Madan ta dafa kafaɗata. Ya ci gaba da saukowa hagu da hannunsa, ni ina kallon fuskarta kawai, har na fara cewa a raina da ma ban zo ba, da na ci gaba da zama da shakkata.

Sai ta saki mayafin. Ta tsaya kamar mai tunani, ta juya kai a hankali ta gefen hagu tana neman abin. Ya ɗaga hannu, ta dawo. Ya sake dannawa, ta sake juyawa. Na zagaya da ita ɗaya gefen ɗakin, nan ma da hagun take nema. Ya yi ta hawa da sauka a wajajen nan har ya gano daidai inda take fara ji, sannan ya bar org ɗin ya rera sautin da bakinsa, ya nuna maƙogwarona. Madan ta ce, “Wai nan za ki riƙa yi mata magana. Ki kauraro murya, ki zo ta hagu, kusa.” Na gwada, muryata ta fito kamar ta namiji mai mura, har shi ma ya yi dariya yana share ido da bayan hannu. Ya ce in kai ta likita, shi makaɗi ne kawai. Daga baya na kai ta, abin da suka faɗa bai yi nisa da wannan ba: kunnen dama babu, na hagu da saura.

Kafin damina ta kama ya koma ƙasarsu. Matasan da ya koya wa suna kaɗawa ran Lahadi, amma la'asar ta zama shiru, mu ma daga baya muka tashi daga unguwar. Ban san ko yana raye ba. Wani lokaci ina wanki sai in kama kaina ina gunjin wani yanki na kiɗansa, ban san sunan waƙar ba, ban san ko ta addininsu ce ba.

Ranar da muka fito daga majami'ar na tarar da Inna kan tabarma tana kaɗi. Ta miƙo hannu ta karɓi jikarta yadda ta saba, ta zaunar da ita kan cinya. Ya kamata in wuce ɗaki. Sai na durƙusa a gefen hagu, na kai bakina daf da kunnen ɗiyata, na kauraro murya na kira sunanta, gaban uwar mijina. Ta juyo ta dube ni.

Mazarin Inna ya tsaya. Ni kuwa kaina na ƙasa, ina jiran abin da za ta ce game da rashin kunyar 'ya'yan zamani.

“Tun yaushe kika sani?” ta ce.

Na ce tun kafin ta fara zama.

“Ni tun ranar askin suna,” in ji ta. “Ina tsoron in hwaɗi ki kasa ba ta nono.” Ta gyara wa yarinyar zama, ta juyo da kunnen hagun wajenta. “To, ya ake yi? Sake in gani.”