Festus Mai Haɗa Lasifika a Jambutu

A Jimeta aka haifi Festus, inda mahaifinsa ya yi shekaru yana sayar da kayan rediyo. Lokacin da hare-hare suka sa 'yan'uwansa da dama suka koma kudu, ya tura matarsa Nwakaego da yara, shi kuwa ya zauna a shagonsa na unguwar Jambutu.

Ba irin lasifikar biki yake haɗawa ba, ta falo ce. Akwatin katako mai kauri, cike da auduga don kada sauti ya yi amsa-kuwwa a ciki. Babbar lasifika a ƙasa, ta tsakiya mai ɗaukar muryar mutum, da ƙarama a sama mai siririn sauti. A bayansu akwai ɗan allon da ke raba wa kowacce rabonta. Ƙa'idarsa ɗaya: ba ya liƙe allon da dalma sai mai kaya ya kawo muryar da ya sani, an daidaita da ita.

'Yata Keturah ta rasu a fashewar bam a kasuwa a 2015. Abin da ya rage mana na muryarta waƙa ce guda da ta rera a coci, a tsohuwar waya. A bara na kai wa Festus wayar. So nake mahaifiyarta, Hilda, ta ji ta kamar tana ɗakin.

Ya kunna sau uku, kowane karo yana sauya wayoyin allon. Na farko muryar ta yi kauri, na biyu ta yi laushi, na uku ta yi kaifi.

"Oga, wanne ne ita?"

Na roƙe shi ya maimaita. Ya maimaita. Shekara goma sha tara ina jin yarinyar nan a gidana, amma na kasa rabewa. Na sunkuyar da kai.

"Na biyu," na ce.

"Ka tabbata? Ni fa in na liƙe, ko bishop bai isa ya ɓalle ba."

"Na biyu."

Ya dube ni, sannan ya ajiye dalmar. Ya murɗa wayoyin da hannu, ya naɗe su, ya ɗaure bayan akwatin da ƙusa mai kwancewa maimakon gam.

"Kai wa Madam ta ji," ya ce. "In ta ce a gyara, ka dawo da shi. Ba zan tambaye ka komai ba."