Kai Balkisa allura Yamai

Gaya

Bayan sallar asuba muka shiga mota, ni da Balkisa, ɗiyar da nake riƙo tun tana jaririya. Shekararta bakwai, amma ƙirji ya fara fitowa, likitanmu ya ce sai Yamai. Abin da ya fi ci mini rai, wata maƙwabciya mai dogon baki ta ce a gabanta, "Jinin gidansu ne, ki mayar musu da abarsu." Tun ranar yarinyar da ke cika mana kunne da surutu ta yi gum. Tana zaton mayar da ita za mu yi.

Dosso

Da hantsi muka tsaya. Nan dangin mahaifinta suke, kuma ta sani. Kowa ya sauka neman abinci, ita ta ƙanƙame kujera.

"Hajiya, budurwarki ba ta cin dambu?" in ji direba.

"Wace budurwa? Ka duba haƙoranta, malam, giɓi ne!"

Na sayo mata masa, ba ta taɓa ba sai da garin ya ɓace a bayanmu. Wallahi na tausaya mata.

Yamai

Mun kwana gidan ƙanena da ke sayar da atamfa. Da safe muka ga likita, wata mace mai haƙuri. Aka ɗibi jini, aka yi hoton ƙashin hannu, kwana biyu muna zarya. Likitar ta ce wa Balkisa jikinta ne ya yi gaggawa, ba laifinta ba ne, allura za ta sa ya jira.

"Duk wata uku za a kawo ta, har ta kai shekara sha ɗaya. Wa zai riƙa kawowa?"

"Ni mana!"

Aka tsira mata allura, ko kuka ba ta yi ba. A bakin ƙofar asibiti ta ja mini zane.

"Inna, ke nan ina wurinki har sha ɗaya?"

Na durƙusa nan cikin mutane, ban damu da masu kallo ba.

"Ke, ja'ira! Har sai kin yi furfura. Ba inda za ki."

Sai a lokacin ta fashe da kuka.

Gida

Mun iso Gaya da la'asar, alhamdu lillahi. Allah ya saka wa ƙanena da likitar nan. Tun daga tasha Balkisa take ba ni labarin jirgin saman da ta gani, ban ce ta yi shiru ba.