Takardar da ke cikin hular Baba

Ana sallame sallar asuba muka bar garinmu Babban Mutum, ni da mahaifina, cikinmu ba ko kurɓin koko, domin an ce kada a ci komai kafin a ɗebi jini. Wata uku na yi ina lallashinsa kafin ya yarda. Bara yayansa ya yanke jiki ya faɗi bai tashi ba, aka ce jijiyar zuciya ce ta toshe. Bana kuma Baba ya fara tsayawa yana dafe ƙirji in ya ɗan zaga kasuwar shanu. Amma da ka yi magana sai ya cire hula ya zaro takardar gwajin kitsen jini da aka taɓa yi masa a wani kemis, lamba ɗaya tal, wadda aka ce masa lafiya lau take. Kamar laya yake yawo da ita.

Damina ta cinye hanya. Daga Baure zuwa Zango direba yana kauce wa rami ɗaya yana faɗawa biyu, ga kuɗin mota ya kusa ninka na bara, ga mu huɗu a kujerar mutum uku. Gero dai ya yi kyau, shi kaɗai na gani na ji sanyi. A Zango masu ƙosai suka yanyame motar, yunwa ta taso mini. Nan Baba ya mintsine ni a haƙarƙari yadda yake yi wa bijimi.

"Kai ya kamata a auna," in ji shi. "Shekara arba'in ina taɓa dabba in san kitsenta. Ni ina kitse zai zauna a jikina?"

Gaskiyarsa ta wani gefen, Baba siriri ne, ni ne mai tumbi.

A asibitin Daura mun sha zaman benci har hantsi kafin a ɗebi jinin, aka ce mu dawo bayan azahar. Muka gangara wajen rijiyar Kusugu muka sha fura. Ina juya baya Baba ya sayi kwalbar man shanu a hannun mai furar. Na gaji, na ƙyale shi.

Da muka koma, likita ta jera takardun biyu a tebur. Ta ce lambar kemis jimilla ce, an haɗa kitse mai amfani da mai toshe jijiya wuri ɗaya. Da aka rarrabe na Baba, mai amfanin ya yi ƙasa sosai. In an cire shi daga jimillar, abin da ya rage shi ya fi nuna haɗari, kuma nasa ya haura. Ta ce rama ba ta hana wannan ciwo, yana kuma bin dangi.

"'Yata, ai takardar farko ta ce lafiya," Baba ya ce, yana ƙoƙarin miƙewa.

Tsoro ne ya sa na yi masa maganar da ban taɓa yi ba. "Baba, ka taɓa sayen garke don kawai an ce maka shanu hamsin ne, ba ka shiga ka duba ɗaya bayan ɗaya ba?"

"Sai wawa," ya ce, ya koma ya zauna. Ya karɓi magani da ranar dawowa.

A komowa ruwa ya tare mu, tagar gefena ba ta rufuwa, na jiƙe sharkaf. Abin da na koyo shi ne lamba ɗaya tana iya kwantar wa mutum hankali alhali ciwo na cinsa, kuma tsoho ba ya jin bayani sai an biyo masa ta sana'arsa.

Mun iso gida gab da magariba. Baba ya ce a kai wa maƙwabta man shanun. Sannan ya cire hula, ya miƙa wa Inna tsohuwar takardar.

"Ki hura wuta da ita."

Ya ninke sabuwar, ya sa a inda waccan take.